Maganin ciwon da jiki ke haɗawa da kansa

Duk wadda ta yi aiki a ɗakin haihuwa ta san wannan: mace ta kwana tana naƙuda, da asuba ta sauka, sai ka gan ta rungume da jariri, ana gyara ta amma hankalinta ba ya wajen ciwon. Na daɗe ina ɗauka farin ciki ne kawai. Ashe akwai wani abu da jikinta ke zubawa a wannan lokaci, kuma masana sun sha wahala kafin su kama shi.

A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna da wasu gurabe da mofin, babban maganin ciwon nan, ke shiga daidai kamar mabuɗi a kwaɗo. To mofin daga tsiro ake samunsa. Me zai sa jiki ya zo da kwaɗo idan ba shi da mabuɗin kansa?

John Hughes da Hans Kosterlitz na Jami'ar Aberdeen a Sikotilan ne suka samo amsa a 1975. Hughes kan yi sammakon zuwa mayanka ya kwaso ƙwaƙwalwar aladu (bincike ne kawai, ba da ita ake haɗa magani ba), ya niƙa, ya tace, ya ɗiga ruwan a kan ɗan tsokan ɓera da lantarki ke sa shi motsi. Motsin sai ya lafa, kamar an zuba mofin. Da ya ƙara naloksan, maganin da ke ture mofin daga gurbinsa, sai motsin ya dawo. Abin da suka tsamo suka kira enkefalin: iri biyu, kowane ɗan zare ne mai ƙwayoyin amino 5 kacal. A 1976 kuma Choh Hao Li a San Faransisko ya samo wani mai ƙwayoyi 31, wanda ake kira beta-endofin, daga wata 'yar gaɓa da ke ƙasan ƙwaƙwalwar raƙumi. Raƙumin dai da muka sani.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na 1978, na Jon Levine da abokan aikinsa, a kan mutanen da aka cire wa haƙori. An yi musu allurar da babu maganin ciwo a ciki, wasu suka ce sun ji sauƙi. Da aka ba waɗannan naloksan, ciwon ya ƙaru. Wato sauƙin ba ƙarya ba ne: sa rai ne ya sa jiki ya saki nasa maganin. Tun da na karanta wannan na daina yi wa maras lafiya allura shiru, sai na gaya masa abin da zan ba shi da amfaninsa.

An yi fatan daga nan za a samu maganin ciwo da ba ya kama mutum. Ba a samu ba. Jiki na narkar da enkefalin cikin ƙanƙanin lokaci, kuma da aka yi ta ba dabbobi endofin daga waje, su ma suka saba har suna janyewa idan an tsayar.

Kodin da tiramadol gurbi ɗaya suke shiga da endofin. Idan yaro ya daɗe yana sha, guraben sai su dakushe, na jikinsa ya daina isarsa. Shi ya sa ranar da bai samu ba yake gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Ba iskanci ba ne, kuma ɗaure shi a ɗaki ba ya warkarwa; asibiti yake buƙata a rage masa a hankali. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma guraben da suka dakushe ba su san doka ba.

Sai dai kada wannan ya sa mu riƙa ce wa mai ciwo ya daure. Endofin yana da iyaka. Yaro mai sikila da ciwonsa ya tashi, ko mai ciwon daji, ya wuce abin da jiki zai iya kashewa. Na sha ganin uwa tana hana a ba ɗanta mofin don tsoron kada ya zama ɗan ƙwaya, yaron kuwa yana birgima a gado. Nakan zaunar da ita in nuna mata takardar likita, awo da lokaci, har ta yarda.