Siginar Tsohuwar Fijo: Fara Gwadawa Kafin Ka Canza

Ni ɗalibin ajin ND II ne a sashen lantarki, kuma mutumin Gumel. Abin da zan yi bayani a kai ƙaramin abu ne, wato makunnin sigina na mota, sandar nan da ke maƙale a wuyan sitiyari wadda direba ke turawa sama ko ƙasa idan zai yi kwana. Ƙanƙantarsa ce ta sa ake raina shi, amma a hutun da ya wuce saura ƙiris ya jawo mana asarar rai.

Mahaifina yana da Peugeot 504 a-kori-kura, wadda kowa a unguwa ke kira fijon Baba. Da ita yake ɗaukar buhunan gero da riɗi, wani lokaci da awaki, tsakanin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar da cikin garin Gumel, ranar Alhamis kuma ya nufi kasuwar Maigatari da ke kan iyakarmu da Nijar. Siginar hagu ta motar ta fi wata biyu tana wasa: yau ta kama, gobe ta ƙi. Maganin Baba shi ne ya miƙa hannu ta taga. Wata Alhamis muna dawowa bayan magariba, zai karya hagu ya sauke wani mai kaya, ya tura sandar, ya kuma fitar da hannu. Fitilar ba ta kama ba, hannun kuma duhu da tulin buhuna sun ɓoye shi. Wani ɗan acaɓa ɗauke da mace da goyo ya riga ya fito zai wuce mu. Allah ne ya kiyaye, ya sauka gefen titi cikin yashi, babu wanda ya ji ciwo. Da muka isa gida Baba ya ce, "Kai da kake karatun wuta, gobe ka duba min abin nan. In sabo ne a saya."

Kafin in faɗi yadda muka yi, bari mu san motar. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, ta kuma ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. A Turai yanzu abar ado ce ta masu tara tsofaffin motoci. A wajenmu kuwa har gobe neman abinci ake yi da ita. Amfaninta ga ɗalibi shi ne wayarinta a buɗe yake, babu kwamfuta, kowace waya kana iya bin ta da ido daga farko har ƙarshe.

Yadda sigina ke aiki

Wuta tana tasowa daga batir mai bolt 12, ta bi ta makullin mota, ta ratsa fis, ta shiga wata 'yar na'ura da masu gyara ke kira falasha. Ita ce ke kawo wuta tana ɗaukewa, kamar sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. Daga falasha waya guda ce ke hawa zuwa makunnin. Aikin makunnin kawai ya zaɓi hanya: in ka tura gefe ɗaya, wata 'yar tagulla a ciki ta haɗa wayar falasha da wayar fitilun hagu, in ka tura ɗaya gefen ta haɗa ta da ta dama. Daga ƙwan fitila wutar ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. A jikin sandar sitiyarin kuma akwai wani ɗan tudu da ke juyawa tare da ita, shi ne ke ture makunnin ya koma tsakiya bayan ka gama kwana. Kamfanin Buick na Amurka ya sa sigina mai ƙyaftawa a motocinsa a 1939, shekara guda bayan haka ya ƙara wannan dabara ta komawa da kanta.

Ga lissafin da muka yi a aji, wanda sai a jikin motar nan na ga amfaninsa. Kowane ƙwan sigina wat 21 ne. Gaba da baya wat 42 ke nan, idan ka raba da bolt 12 za ka samu amfiya 3.5. Turjiyar ƙwayayen biyu a haɗe kamar om 3.4 ce. To, a ce datti ko tsatsa ya ƙara om 1 kacal a bakin tagullar makunnin. Wutar za ta sauko zuwa wajen amfiya 2.7, a yi asarar kusan bolt 2.7 a wurin, kuma zafin da ya kai wat 7 ya taru a kan abin da bai fi ƙwayar gero girma ba. Fitila ta dusashe, robar da ke riƙe da tagullar ta fara narkewa. Ga kuma wata matsalar: tsohuwar falasha da zafi take aiki, wani siririn ƙarfe ne a cikinta ke yin zafi ya buɗe hanya, ya huce ya rufe. In wutar da ke ratsa ta ta ragu, sai ƙyaftawar ta rikice ko ta tsaya gaba ɗaya. Ƙurar hunturu da muke sha a yankinmu, idan ta haɗu da tsohon giris da ya bushe, ita ce ke zama wannan om ɗin.

Gwaji kafin saye

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga sigina ta mutu a ce makunni ne, a je a sayo. Sau da yawa ba shi ba ne. Alamomin da kansu suna nuna inda ciwon yake.

Idan hagu da dama duk sun mutu, fara da fis, sannan falasha, domin su ne gefen biyu suka yi tarayya a kai. Idan ƙwai ɗaya ne ya ƙi, na gaba ko na baya, makunni ba shi da laifi, duba ƙwan da mazauninsa. Idan ka sa sigina ka ga fitilar birki ko ta baya tana ɗan ƙyaftawa tare da ita, haɗin fitilar da jikin mota ne ya yi tsatsa, wutar ta rasa hanyar komawa ta bi ta wani ƙwan. Idan kuwa gefe guda ne ya mutu gaba da baya alhali ɗaya gefen lafiya, ko kuma sai ka danne sandar da hannu take kamawa, to yanzu ne za ka zargi makunni. In tana kamawa amma ba ta komawa tsakiya, wannan ba matsalar wuta ba ce, sifirin ne ko ɗan tudun nan ya cinye.

Tamu alama ta huɗu ce. Amma zargi ba hujja ba ne, don haka na cire robar da ta rufe wuyan sitiyari, na zare soket ɗin makunnin, na kunna makulli. Da fitilar gwaji na gano wayar da ke kawo wuta daga falasha. Sai na ɗauki guntuwar waya na haɗa ta kai tsaye da wayar hagu. Nan take fitilun hagu suka kama ƙyaftawa gaba da baya. Ka ga ke nan fis lafiya, falasha lafiya, ƙwayaye da wayoyinsu lafiya. Abu ɗaya na tsallake, shi ne makunnin.

Ko a nan ma ban ce a saya ba tukuna. Na buɗe shi, da niyyar in goge tagullar da samfefa mai laushi in sa sabon giris, domin sau da yawa iyakar abin da yake buƙata ke nan. Sai na tarar tagullar hagu ta ƙone ta yi rami, robar ƙarƙashinta ta narke ta lotsa. Wannan ba ya gyaruwa. Wani direba abokin Baba ya taho mana da wani daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Mun ba shi tsohon ya tafi da shi, saboda 504 ta daɗe ana yin ta kuma makunnin ba iri ɗaya ba ne a duk shekarun. A tamu sandar sigina tana hannun dama, kuma hon ma a jikinta yake.

Yadda ake canzawa

Na farko, ka tsayar da mota tayoyin gaba a miƙe, ka cire kan batir na nagatif. Kada ka ce ai makulli a kashe yake, akwai wayoyi a wuyan sitiyari da ke ɗauke da wuta ko da mota a kashe, sukudireba ta taɓa su da ƙarfe sai tartsatsi.

Na biyu, ka kwance notunan robar wuyan daga ƙasa, ka raba ta a hankali. Robar da ta sha ranar shekara talatin kamar ƙanzo take karyewa.

Na uku, kafin ka zare ko waya ɗaya, ɗauki hoto da wayarka, ka kuma liƙa wa kowace salatif ka rubuta aikinta. Peugeot lamba take bugawa a jikin wayoyinta maimakon dogaro da launi, to amma a tsohuwar mota lambobin sun goge, kuma masu gyara da yawa sun yi ƙari da duk wayar da ta zo hannunsu.

Na huɗu, ka kwance notunan da ke riƙe da makunnin ka zare shi. A tamu ba mu cire sitiyari ba. A wasu motocin, musamman tsofaffin na Amurka, makunnin yana ƙarƙashin sitiyarin, dole sai an cire. In haka ta kama, ka yi alama a kan sitiyarin da sandarsa don ya koma daidai, ka sassauta babban notin amma ka bar shi a kan zarensa, don kada sitiyarin ya fizgo ya same ka a fuska. Kada ka doki sandar da guduma.

Na biyar, ka auna sabon da mita tun yana hannunka: tsakiya babu haɗi, hagu ya haɗa da waya ɗaya, dama da ɗayar. Sannan ka ɗaura shi yana tsakiya, ka tabbata harshensa yana fuskantar ɗan tudun da ke mayar da shi, kuma babu wayar da ke gogar sandar sitiyari.

Na shida, ka mayar da batir ka gwada kafin ka rufe robar, kuma wani ya tsaya a waje yana kallo.

Wannan na ƙarshe shi ya cece ni. Na gama ɗaurawa, na tura hagu, na ji falasha tana ƙas-ƙas, fitilar gaban direba tana ƙyaftawa, har na fara murna. Sai ƙanena da ke tsaye a baya ya ce, "Yaya, ai ta dama ce ke yi." Na musanya wayoyi biyu, domin jerin bakin sabon ya bambanta da na tsohon, ni kuma na bi hoto ban bi abin da mita ta nuna min ba. Daga cikin mota ba yadda za a yi in gane, tunda fitilar gaban direban tamu guda ɗaya ce ga gefen biyu. Da haka muka fita, da mun fi da haɗari. Siginar da ta mutu tana sa na baya ya yi hattara, wadda ke nuna dama alhali za ka yi hagu kuwa kiransa take ya shigo. Gyaran bai ɗauki minti biyu ba.

Gargaɗi ga masu sabbin motoci: duk wannan bayani na motar da ba ta da jakar iska ne. Idan sitiyarin yana da ita, akwai abin da ke iya fashewa a ciki da wani siririn faifan waya mai saurin tsinkewa. Kada ka koyi aiki a kansa kai kaɗai, ka tsaya kusa da wanda ya sani.

Da muka gama Baba ya zagaya motar sau biyu, ya sa na tura hagu, na tura dama, na juya sitiyari ya ga sandar ta koma da kanta. Sai ya ce, "To, madalla. Ashe kuɗin makarantar ba a banza suke tafiya ba." Washegari ya turo min maƙwabcinmu mai J5, wai shi ma makunninsa ya mutu, har ya tanadi kuɗin sabo. Na tambaye shi gefe ɗaya ne ko biyu, ya ce duka. Na buɗe akwatin fis, ga shi nan a ƙone. Muka bi waya muka samo inda ta goge take taɓa ƙarfe a bayan mota, muka naɗe ta, muka sa fis mai lamba ɗaya da wanda ya ƙone, ba guntun waya ba kamar yadda aka saba.

Shawarata ga waɗanda za su fita aikin koyon sana'a na SIWES, musamman 'yan lantarki da kanikanci: fitilar gwaji ƙwai ne da waya biyu, kana iya haɗa ta da kanka a ɗaki. Ka riƙa yawo da ita da guntuwar waya guda. Duk abin da aka ce maka ya mutu, ka tambayi alamarsa, ka bi wutar daga inda ta taso, ka tsallake abin da kake zargi ka ga ko aiki zai dawo. Sai ka tabbatar sannan ka ce a sayo. In kuma ka gama, ka sa wani ya tsaya a bayan mota. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya ba mu sa'ar jarrabawa.