GARGAƊI: Simintin da ya matse karaya na iya jawo yanke hannu ko ƙafa

Jama'ar Sunke da sauran garuruwan Anka, Gummi da Bukkuyum, wannan kira ne gare ku, musamman iyaye da masu jinya. Karaya ta yi yawa a tsakaninmu: faɗuwa daga babur, ruftawar ramin haƙar zinare, yaro ya faɗo daga bishiya ya karye a gwiwar hannu. Idan an sa wa majinyaci siminti a asibiti, ko mai ɗori ya ɗaure shi da karare da tsumma, kwana biyun farko su ne mafi haɗari.

Wurin da ya karye yana kumbura, siminti kuwa ba ya buɗewa. Idan kumburin ya rasa wurin zuwa sai ya toshe hanyar jini. Naman da jini bai kai gare shi ba yana fara mutuwa cikin kamar awa 6, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Daga nan hannu yakan ƙandare, yatsu su lanƙwashe har abada, ko ya ruɓe a yanke shi.

Ku garzaya asibiti nan take idan kuka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ciwon da ke ƙaruwa, maganin ciwo bai kwantar da shi ba, ko majinyaci ya yi ihu idan an miƙe masa yatsa.
2. Yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun yi fari ko baƙi-baƙi.
3. Yatsu sun sage, ko ba sa motsi.
4. Wari, mugunya ko jini na fitowa ta cikin simintin, ko zazzaɓi ya rufe majinyaci.
5. Zafi kamar ƙuna a wuri guda, alamar gyambo ne ke ci a ciki.
6. Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, domin jini kan daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu.

Mai jinya, ki riƙa danna farcen majinyaci safe, rana da dare. Zai yi fari, da kin saki ya kamata ja ya dawo cikin daƙiƙa 2. Idan yaro yana kuka ba ƙaƙƙautawa, kada a ce masa "yi haƙuri, ɗorin ne ke kamawa". Ɗori mai kyau ciwonsa raguwa yake yi kullum.

Mun san halin da hanyoyinmu ke ciki na rashin tsaro, saboda haka kada a bari dare ya yi ana shawara. A nufi babban asibitin Anka, Gummi ko Bukkuyum tun da rana. Idan ba hali, ma'aikacin lafiya mafi kusa ya tsaga simintin daga sama har ƙasa, har audugar ciki, sannan a ci gaba da tafiya. Idan ɗaurin gida ne, a sassauta shi a take. In abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

A gida kuwa, a ɗora hannun ko ƙafar a kan matashi sama da ƙirji, a riƙa motsa yatsu. Siminti yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3 kafin ya bushe sosai, kuma ba a taka shi sai likita ya ce. Kada ruwa ya taɓa shi: wajen wanka a rufe da leda, wajen alwala shari'a ta yarda a shafa a kansa. Kada a zura tsinke ko kara don susa, kada a tura garin magani ko man shafawa a ciki. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta ɗorin gida ba ce, tana buƙatar wanki a asibiti da allurar rigakafin sarƙewar haƙora. Kuma kada a cire siminti a gida don an ji sauƙi. Sai an koma asibiti an ɗauki hoton ƙashin.

Malamai a masallatai, masu unguwanni da masu ɗori, ku taimaka ku isar da wannan ga kowane gida. Duk wanda ke da mai karaya a ɗaki, ya tashi yanzu ya duba yatsunsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.