Ko Kun Sani? Bindigar da Maƙera Suka Ƙarasa Gyaranta

Ko kun san cewa ƙaramar bindigar hannu mai suna M1911, wadda John Browning ya tsara, rundunar sojan Amurka ta karɓe ta a shekarar 1911, ba ta kuwa sauya ta da wata ba sai a 1985?

Da yake an yi ta ne domin fagen fama, inda ƙura da taɓo kan shiga ko'ina, sai aka bar ɗan sarari tsakanin sassanta don kada ta cije, alhali kuwa masu gasar harbi, waɗanda maƙasudinsu shi ne harsashi ya faɗa daidai inda aka nufa, wannan sararin naƙasu ne a gare su. Saboda haka suka riƙa kai ta wurin gwanayen maƙera, irin su Armand Swenson na Kalifoniya, waɗanda bisa haƙuri da basira sukan matse sassan, su sassauta nauyin kunama, su sa sabon abin saiti, su kuma zana mariƙin don kada ya sulluɓe daga hannu mai gumi. Bill Wilson na jihar Arkansas, wanda asalin sana'arsa gyaran agogo ce, ya kafa kamfanin Wilson Combat a 1977 bisa wannan aiki.

Daga bisani masana'antu da kansu suka yi koyi da hikimar waɗannan maƙera, har gyare-gyaren da a da sai mai hali yake biya, yau da su ake fito da bindigar tun daga asali.