Idan ƙwayar ƙanjamau ta bijire wa magani

Ƙwayar ƙanjamau gaggawa gare ta wajen hayayyafa. A jikin wanda ba ya shan magani, biliyoyi take haifarwa kullum, kuma ba ta gyara kuskuren da ta yi wajen kwafar kanta. Yawancin kurakuran nakasa ta suke yi. Amma akwai waɗanda ke zame mata sulke. Wanda likitoci ke kira K103N ya isa shi kaɗai ya kashe kaifin efavirenz da nevirapine, magungunan da aka daɗe ana bayarwa a Nijeriya.

Shan magani yau a bari gobe shi ne takin wannan rikiɗa. Magani ya ragu a jini, raunanan ƙwayoyi su mutu, masu taurin kai su gaje jiki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba a jikin mai ita take tsayawa ba. Mutum bai taɓa haɗiyar ƙwayar magani ko ɗaya ba, sai a shafa masa irin da ta riga ta gagari magani.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da cutar. A tsakanin mata masu zaman kansu, da masu allurar ƙwaya, da maza masu neman maza, adadin ya ninka haka sau da yawa, kuma cikin irin waɗannan rukunoni ƙwayar cutar ke saurin zagayawa. Su ne kuma suka fi gudun layin asibiti, don tsoron idon sani. A unguwa kamar Hayin Banki, inda kowa ya san kowa, ga tashar Kawo kusa matafiya na shige da fice, wannan ba labarin nesa ba ne. Da yawa daga masu hulɗa da waɗannan rukunoni magidanta ne, gida suke komawa.

Tun wajen 2018 Nijeriya ta fara komawa ga haɗin TLD mai ɗauke da dolutegravir, wanda ƙwayar ke shan wuya kafin ta bijire masa. Wuya dai, ba gagara ba. Shi ya sa awon yawan ƙwaya a jini ya zama dole. Idan ya haura 1,000 a kowace mililita, ana ƙarfafa wa mutum gwiwar shan magani kan lokaci na wasu watanni a sake awo. In bai sauka ba, a sauya masa haɗi. Wanda awonsa ya tsaya ƙasa da 200 kuwa ba ya shafa wa abokin kwanciyarsa.