Damuwa Ma Tana da Ma'auni

Zazzaɓi yana da ma'auni. Ana sa wa mutum tsinken awo a hammata a ga zafin jikinsa. Hawan jini ma yana da nasa. To, damuwa fa? Ba ta fita a gwajin jini, ba ta fita a hoton asibiti. Sai an tambayi mai ita.

Shi ya sa masana suka tsara takardun tambayoyi. Mutum da kansa yake ba da amsa. In bai iya karatu ba, ma'aikacin lafiya ya karanta masa. A 1995 wasu malaman jami'a biyu a ƙasar Ostireliya, masu suna Lovibond, suka fito da wata takarda da ake kira DASS. Tambayoyinta 42 ne. Akwai gajeriyarta mai 21: 7 kan baƙin ciki mai tsanani, 7 kan fargaba, 7 kan ƙuncin rai. Ana tambayar mutum abin da ya ji a makon da ya wuce.

Sai dai mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba. Takardar da ta yi aiki a Ostireliya ba lalle ta yi a wani wuri ba. Dole a gwada ta tukuna.

Ga yadda ake yi. Wani ya fassara ta zuwa harshen mutanen wurin. Wani dabam, wanda bai ga ta asali ba, ya mayar da ita harshen farko. In ma'ana ta kauce, a gyara. Daga nan a yi wa mutane da yawa tambayoyin, likitan ƙwaƙwalwa kuma ya zauna da su ba tare da ya ga amsoshinsu ba. Sai a kwatanta. In takarda ta ce lafiya lau, likita ya ce akwai ciwo, to mudu ya yi ƙarya. Illar ba ƙarama ba ce. Za a sallami marar lafiya da ƙwayar ciwon kai, alhali ciwon yana zuci.

A ƙasar Zimbabuwe an bi wata hanya da ta fi dacewa. Wani likita, Vikram Patel, da abokan aikinsa suka saurari marasa lafiya da masu maganin gargajiya a birnin Harare. Suka tarar mutane suna kiran ciwon kufungisisa a harshen Shona, wato yawan tunani. A 1997 suka fitar da takarda mai tambaya 14, amsarta i ko a'a. Ta tambayi yawan tunani, rashin barci, mugun mafarki, kuka, har da ciwon ciki, don sau da yawa a jiki damuwa take bayyana.

Da wannan takarda aka yi aiki a shirin Dakta Dixon Chibanda, inda aka koya wa dattijai mata su zauna kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. A 2016 bincike ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi sauran samun sauƙi bayan wata 6.

Ɗaya daga tambayoyin nan 14 kan tunanin kashe kai take. Wanda ya amsa i, ba a tsaya lissafin sauran amsoshinsa ba. Nan take ake haɗa shi da babban ma'aikacin lafiya.