Dogon Dutsi: Mintunan da ke tsakanin ɗauke wuta da mutuwar batir

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take tura wa Nijar ta layin Birnin Kebbi, a lokacin da kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa. An maido da ita a 2024, amma daga Dogon Dutsi har Tibiri a jihar Dosso, ɗauke wuta bai zama tarihi ba.

Shi ya sa shagunan aika kuɗi da wuraren buga takardu ke dogaro da akwatin batir da ake kira UPS. Sai dai da yawa na ɗaukarsa tamkar janareta. Ƙaramin UPS mintuna kaɗan yake bayarwa, kuma amfaninsu shi ne a kashe na'urori cikin tsari. Kwamfutar da ta mutu tana tsaka da adana bayanai na iya lalata lissafin yini guda, har ma da rumbun ajiyarta.

Da akwatin ya fara ƙara, a adana aiki, a kashe kwamfutocin ma'aikata. Daga nan sai babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kowa. Na'urar da ke haɗa su da rarraba intanet ita ce ta ƙarshe, domin ta cikinta umarnin kashewa ke bi. Idan ta riga su mutuwa, saƙon ba zai isa ba.

Manhajoji irin su NUT da apcupsd, waɗanda kyauta ne, na yin wannan aiki da kansu: a haɗa UPS da kwamfuta ɗaya ta wayar USB, ita kuma ta sanar da sauran.

Zafin Arewa ma na da nasa tasirin. An ƙera irin wannan batir don yanayin digiri 25, kuma ƙarin digiri goma kan rage rabin shekarunsa. A watan Afrilu kuwa zafi kan haura 40 a yankin.

Don haka ɗan ci-ranin da ya saya wa shagon gida kayan aiki, ya sa a cire filogin UPS daga bango a ƙirga mintunan da yake ɗauka. A rubuta adadin a manna kusa da teburi, a kuma riƙa kashe komai tun kafin rabinsa ya cika.