Yadda Ƙananan 'Yan Kwangila Ke Karɓo Haƙƙinsu a Damagaram

A harkar gini, wanda ya sa hannu a kwangila ba shi ne ke yin dukan aikin ba. Yakan raba shi ga magina, kafintoci, masu walda da masu tifa da ke kawo yashi da tsakuwa. Haka aka saba a Zinder, ko a manyan ayyuka irin na Zinder Sabuwa na 2018, ko a ginin gida ɗaya a unguwar Birni ko Zango. Matsalar takan taso ne bayan an gama aiki: babban ɗan kwangila ya ce shi ma ba a biya shi ba, ƙaramin ya yi ta sintiri.

Abin da ya fi kayar da masu bin bashi shi ne rashin shaida. Yarjejeniyar baka ta "ai mun san juna" tana da wuyar tabbatarwa a gaban alƙali. Tun kafin a fara, ya kamata a rubuta irin aikin, farashi da ranar biya, kowa ya sa hannu, a kuma ajiye rasit na kuɗin kafin alƙalami da takardun kai kaya. A kwangilar gwamnati kuwa, wanda ba a gabatar da sunansa ga hukumar da ta ba da aikin ba har ta amince da shi, da wuya hukumar ta saurare shi.

Matakin farko shi ne sulhu. Dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rigingimun ciniki, don haka ana iya kai kuka ga mai unguwa ko fadar Sarkin Damagaram. Duk abin da aka daidaita a kai, a rubuta shi, domin alkawarin da aka yi don kunyar fada yakan yi sanyi da an fito zaure.

Idan sulhu ya ci tura, akwai gajeriyar hanya ƙarƙashin wata dokar ƙungiyar OHADA, wadda Nijar ke cikinta, dokar da aka sabunta a 2023. Mai bin bashi zai shigar da buƙata a kotu, tare da takardunsa, yana neman umarnin biya. Sharaɗi shi ne bashin ya tabbata, an san adadinsa, kuma lokacin biyansa ya yi. In alƙali ya amince, dole jami'in isar da takardun kotu ya kai umarnin ga wanda ake bi cikin wata 3, in ba haka ba umarnin ya ɓaci. Wanda ake bi kuma yana da kwana 10 ya ƙalubalanta. In bai yi ba, ana iya riƙe kuɗinsa na banki ko kayansa.

Jinkiri ma haɗari ne, domin bashin kasuwanci yakan faɗi bayan shekara 5 in ba a nema ta hanyar doka ba. Leburan da ake biya kullum kuwa, ofishin sufeton ƙwadago ne wurin kai ƙorafinsu.